Ƙwarya Biyu a Kasuwar Lolo

Har yau in na ji an ce babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, tashi nake in bar wurin. Jikokina sun ɗauka rigimar tsufa ce. Su yi ta ɗauka. Masu sharhi su zauna su yi ta zuba, wai abin zai taɓa masu masana'antu, zai taɓa masu shigo da kaya. Ni a gabana abin ya taɓa wani tsoho da bai taɓa taka ƙofar banki ba har ya koma ga Allah, kuma da bakina aka taɓa shi.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Ina koyarwa a elementaren ƙauyenmu, tafiyar sa'a guda a ƙafa daga Lolo, dab da iyakar Dahome. Ina da mata, da ɗa guda, da keke, da rediyo. In za a jera su bisa yadda nake ji da su a lokacin, rediyon ne a gaba, Allah Ya yafe mini. Na hannu ne. Na saye shi a Bagudo ranar albashi, wajen wani ma'aikaci da aka yi wa canjin gari, na hayo gulbi da shi a kan cinyata ina daka wa mai jirgi tsawa kada ya jiƙa mini shi. Duk ƙauyukan nan babu mai irinsa, kaina kuwa ya kumbura har hula ta soma yi mini kaɗan.

Bayan la'asar nake fito da shi ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, magidanta su taru. Labaran Hausa kowa da kunnensa, ba mai bukatata. Kasuwata tana ci ne in an juya na Turanci daga Ikko, babban birnin ƙasa. Sai in ɗaga hannu a yi tsit, in karkatar da kai, in ɗaure fuska kamar da ni aka yi shawarar, in an gama in yi gyaran murya in ce, "To, ga abin da sunka ce." Dattawa masu furfura, waɗanda suka san ni ina yawo ba wando, su zuba mini ido suna jira. Kai, abin da daɗi, ba zan ɓoye ba.

Cikin masu zuwa akwai Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar ubana ina ɗan shekara biyar. Ba shi da shanu, ba shi da jirgi, ba shi da sarauta. Abin da ya mallaka a duniya fadama ce guda a bakin gulbin Kwara, gadon kakana, baƙar ƙasa mai ba da shinkafa. Ba ta da wani girma, amma in gulbi ya zo daidai takan ciyar da gidansa, baki goma sha ɗaya, ta biya haraji, har a sami na sutura. Daga cikinta aka ɗinka mini rigar da na tafi makarantar kwana da ita. Ko da rani, lokacin da babu komai a cikinta sai tsagaggiyar ƙasa, Kawu sai ya je ya zagaya ta da safe ya dawo. A shekarar da nake magana gulbi ya cika da wuri, ya haɗiye shinkafar kafin ta fid da kai. Kowa ya san rumbun Kawu ba zai kai tsakiyar damina ba, kuma kowa ya san inda ake zuwa in rumbu ya ƙare.

Wajen Alhaji mai rumbuna ake zuwa. Shi Alhaji ba ya cin kuɗin ruwa, a'uzu billahi, ai mutum ne da ya je Makka ta ƙasa. Taimako yake yi. Ya ba ka hatsi da damina, ka mayar da kaka, ko gero ko shinkafa bai damu ba, ka ɗora masa ɗan abin da yake kira ladan rumbu. Liman yakan yi wa'azi a kan abin duk shekara, ya kira shi da sunansa na gaskiya ba kwana-kwana. Alhaji yana sahun gaba yana girgiza kai, don tausayin masu yin wannan mugun aiki.

Ga yadda ake yi. Ranar kasuwar Lolo ta farko bayan an gama maimai, wato noma na biyu, Alhaji yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a bakin rumfarsa. A hagunsa a kife ƙwarya guda, abin da za ka ɗauka ke nan. A damansa a kife abin da za ka mayar. Ba ya cewa uffan, ba a kuma tambayarsa. Mutane su zo su wuce kamar wata sabga ce ta kawo su, su saci kallon tabarma, su yi gaba. Tun ina yaro abin da ke damansa ƙwarya ce da ƙoƙo, wato ɗaya da rabi. Duk wani mai ɗan rumbu da ke ba da rance, daga Lolo har ƙauyukan Dendawa na hayin iyaka, ba ya buɗe nasa sai ya ga abin da Alhaji ya kife. Su can sefa suke kashewa, mu fam da sule, tutarsu daban, tamu daban, amma in aka zo kan hatsi duk tabarmar nan guda ake kallo.

Wata la'asar da rani, mai karanta labarai ya ce babban bankin ƙasa ya ɗan ƙara abin da yake ɗora wa bankunan da ke ranto kuɗi a wurinsa. Labari ne da in da ina da hankali sai in tsallake shi in wuce kan na ƙwallo. Mu da banki mafi kusa da mu sai an kwana a hanya? Amma na taɓa karanta shafi ɗaya da rabi a kan abin a makaranta, kuma tun lokacin yake cina ban sami inda zan sauke shi ba. Rannan kuma, bisa tsautsayi, Alhaji ya biyo ta wurin daga gonarsa, ya tsaya gaisawa, aka shimfiɗa masa buzu.

Na gyara zama na soma. Na ce akwai banki, akwai kuma uban bankuna. In kuɗi sun yanke wa ƙananan, wajen uban suke zuwa. Abin da ya ce a mayar masa, shi sauran ke bi, su ma su ɗora wa nasu mutanen. Na ga an yi mini tsuru ba a gane ba, sai na shiga neman misali, Shaiɗan kuwa ya miƙo mini shi da hannu biyu.

"Kamar dai Alhaji ne," na ce. "Shi ne babban bankinmu. In ya kihe ƙwarya, kowa shi bi."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, ina jin na buga ta daidai. Alhaji bai yi dariya ba. Murmushi ya yi yana jan carbinsa.

"Malam, maimaita mini in ji. Gwamnati da kanta tana ba da rance ta amshi ƙari?"

"Tana yi, Alhaji."

"Wagga gwamnati tamu ta mulkin kai, ba ta Nasara ba?"

"Ita hwa, ranka shi daɗe."

"Kuma yanzu ta ƙara?"

"Ta ƙara."

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe aikinmu guda."

Sau uku ya sa na faɗa, kowane sau yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na ɗauka ilimina ne ya burge shi. Bai tambaye ni nawa aka ƙara ba, ni ma ban ga dalilin ɓata labari mai daɗi da ƙananan abubuwa ba. Ƙarin kuwa, in ka auna shi a kan fam guda a shekara, bai wuce kuɗin ƙosan safe ba. Washegari aka aiko mini da zabi biyu daga gidansa. Matata ta dube su, ta dube ni.

"Malam, mutumin ga ban taɓa jin ya yi kyautar ko ƙwai ba. Mi ka ba shi?"

Na ce ilimi na ba shi, kuma ba magana ce ta mata ba. Muka cinye zabin, har ƙashi na tauna.

Alhaji ya kwanta a kan maganar nan wata da watanni bai motsa ba. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, aka yi maimai, gidaje suka koma tuwo sau ɗaya a yini. Ranar kasuwar na hau keke na tafi Lolo sayen kananzir da gishiri. Tun daga nesa na ga bakin rumfar Alhaji a cike. Yau ba satar kallo ake ba, tsaye ake cirko-cirko. Na jingine keke na kutsa. A hagunsa ƙwarya guda. A damansa ƙwarya biyu, manya, kai ɗaya, sababbi fil, ko alamar ƙoƙo babu a wurin.

Wani masunci ne ya kasa haƙuri, ya karya al'ada ya yi magana.

"Alhaji, mi munka yi? Ɗaya ta koma biyu?"

Alhaji ya buɗe hannuwa, fuskar nan abin tausayi.

"To ni mi nawa a ciki? Daga sama abin ya taho. Gwamnati ta ƙara, ni wane ne in ja da gwamnati? Alhamdu lillahi, ga Malam nan Allah ya kawo, shi ya ji da kunnenshi cikin Turanci. Malam, don Allah, an ƙara ko ba a ƙara ba?"

Duk taron ya juyo kaina. Na hango Kawu a gefe, buhu nannaɗe a hammatarsa, yana kallona. Na soma bayani cewa abin akwai bambanci, can kuɗi ne ba hatsi ba, kuma a shekara ake lissafi, kuma tsakanin bankuna ne.

"Malam, mu ba mu yi boko ba," in ji Alhaji a hankali. "Tambaya guda ce. An ƙara, ko ba a ƙara ba?"

Akwai mutum kusan ashirin a wurin da suka ji na faɗa sau uku a ƙofar gidana. In na janye, gobe wa zai zo ya zauna a tabarmata? Wannan shi ne abin da ya zo mini a rai. Ba Kawu ba, ba buhunsa ba. Na faɗa ne a nan don in an tashi yabona bayan na mutu kada a manta a haɗa da shi.

"An ƙara," na ce, "amma..."

Ba wanda ya tsaya jiran abin da ke bayan amma ɗin. Hayaniya ta tashi, masunci ya tofar da yawu ya juya, mata masu fura suka kama salati. Kafin azahar duk masu ƙananan rumbuna sun nemo ƙwarya ta biyu. Kafin kasuwa ta gaba labari ya haye iyaka, Dendawa ma sun koma biyu, su da bankin ma ba na ƙasarsu ba ne. Ana ta cewa doka ce ta sauko daga Ikko, malamin makaranta ya tabbatar. Wasu bayin Allah har sannu da aiki suke yi mini a hanya.

Ban zauna ba, a ba ni wannan. Washegari da hantsi na sami Alhaji a zaurensa da takarda da fensir, na zana masa lissafi dalla-dalla. Na nuna masa ƙarin gwamnati, ɗan tsirit, na nuna masa nasa. Na ce ai shi da banki ba ɗaya ba ne. Banki yana da akawu, yana da takardu, ba ya ma ba da ko kwabo sai mutum ya ajiye jingina, gida ko gona. Ya saurare ni tsaf, har ya sa aka kawo mini fura. Da na gama ya ce shi jahili ne, waɗannan ƙananan lambobi sun fi ƙarfin idonsa, shi ƙwarya ya sani. Gwamnati ta ƙara da nata ma'auni, shi ma ya ƙara da nasa. Ya tambayi lafiyar iyali, ya tambaya ko zabin sun yi mai. Na sha furar, wallahi na sha, don ƙishirwa nake ji.

Daga nan na wuce gidan Kawu na ce kada ya ɗauka, zan taimaka daga albashi. Albashin da nake tunƙaho da shi, ko da ni da matata mun daina cin abinci, ba zai ciyar da baki goma sha ɗaya wata uku a farashin damina ba. Kawu ya san haka, ni ma na sani. Ya ce in bar shi, ɗan kaɗan zai ɗauka, na yara. A wajenmu namiji ba ya nuna wa ɗan ƙanwarsa gindin rumbunsa, ni kuma na ji daɗin a ce kaɗan ne, ban tona ba. Na aika masa da 'yan mudu na gero na ji na sauke nauyi. Daga rannan bai sake zuwa sauraren rediyo ba, na ce aikin gona ne ya riƙe shi.

Ashe mai yawa ya ɗauka. Kuma Alhaji ya fito da sabuwar ƙa'ida, wai tunda zamani ya canja, bana kowa sai da jingina, don ya sami labari daga majiya mai ƙarfi cewa banki ma haka yake yi. Majiyar nan kun san ta, tana zaune tana shan fura. Kawu ya jinginar da fadama a gaban shaidu biyu, ya roƙe su kada maganar ta fita.

Kaka ta zo, shinkafa ta yi daidai gwargwado. Da ƙwarya da ƙoƙo ne, da ya biya har ya rage na ci zuwa wata damina. Da ƙwarya biyu kuwa, a masussuka aka auna, aka kwashe duka, aka bar saura a kansa. Na tambaye shi yaya aka ƙare, ya ce an gama, Allah Ya rufa asiri. Kafin rani ya raba babu komai a gidan. Ya koma ya sake ɗauka, sauran bara kuwa ya shiga sabon lissafi ya ninka kansa. Ni ina nan ƙofar gida ina fassara wa jama'a rikicin ƙasashen da ko a taswira sai na laluba kafin in same su.

Kaka ta biyu, matata ta dawo daga gidan suna, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Kai kaɗai ne ba ka ji ba duk garin ga, mai rediyo. Fadamar Kawu za ta tahi ran Jumma'a."

Kwana uku suka rage. Keken na sayar wa wani tela a Lolo a yadda ya taya, ban ko yi ciniki ba. Saura rediyo. To wa ke da kuɗin sayen rediyo a yankin nan? Mutum guda ne. Na ɗora akwatin a ka, da rana tsaka, na ratsa gari yara na bina, na kai zauren Alhaji. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya sa na kunna. Ya ce muryarsa ta dishe, kuma ga alama ya tsufa, amma saboda ni ne zai karɓa. Ya taya ƙasa da rabin abin da na saya, ya ce ba sai ya ba ni a hannu ba, zai cire daga na Kawu. Aka cire kuɗin rediyo, aka cire na keke, bashin ko gezau bai yi ba.

Na je wajen Liman, ya ce shi shekara nawa yana faɗa, ba shi da ɗan doka da zai aika. Na je wajen mai gari, ya ce magana ce da aka yi da shaidu, kuma ai ni da kaina na ce doka ce. Na rantse ban ce doka ba, ya ce to haka dai jama'a suka ji.

Ran Jumma'a bayan an sauko, a gaban mai gari, aka tambayi Kawu ko yana da abin biya, ya ce babu. Aka tambaye shi ko ya yarda, ya ce ya yarda. Alhaji ya ce kowa ya shaida shi bai sayi gonar kowa ba, riƙo ne kawai, duk ranar da Kawu ya kawo, fadamarsa tana nan. Kirki ke nan. An karɓe wa mutum abin da yake samu da shi, an ce ya je ya samo ya kawo. Kuma don taimakon ya cika, Alhaji ya ɗauki Kawu ƙwadago a fadamar, tunda babu wanda ya san halinta kamarsa. 'Ya'yan Kawu biyu manya suka tafi Kurmi cin rani, rani ya wuce ba su dawo ba.

Masu zama a tabarmata suka koma ƙofar gidan Alhaji. Can labaran Hausa kawai ake ji, in an juya Turanci ya sa a kashe don tattalin batir. Ni kuwa na koyi tafiya a ƙafa da kama bakina, amma na biyun bai zauna sosai ba.

Bayan wasu shekaru na je Bagudo karɓar albashi, na tsinci tsohuwar jarida a ofis, na ga an rubuta babban banki ya rage. Ya rage! Na karanta sau huɗu. Na naɗe ta na sa a aljihu, na yi ta ajiyarta har ranar kasuwar bayan maimai. Na yi wanka na sa rigar Sallah, don yau ranar gyara ce. Na tarar da ƙwarya biyun nan a kife a damansa, sun yi baƙi don tsufa. Na tsaya gaban jama'a na buɗe jaridar.

"Alhaji, ka ce ba ka ja da gwamnati. To gwamnati ta rage. Ga shi a rubuce."

Ya leƙa takardar, ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske.

"Malam, lahiya? Ni mi ya haɗa ni da Ikko? Ka taɓa ganin na tahi can? Su kuɗɗi ne nasu, ni hatsi ne nawa, ai ba a haɗa su ba. Kai da ka yi boko ya kamata ka san wannan."

Jama'a suka yi dariya, har da waɗanda buhu ke hammatarsu. Ba shi suke yi wa ba, ni suke yi wa, kuma ban ga laifinsu ba. Ba wanda zai ɓata da mai hatsi a tsakiyar damina saboda takardar da ba ya iya karantawa. Wani ma ya ce in na gama da ita in ba shi zai naɗe tsire.

Na bar kasuwar na nufi bakin gulbi, ban san abin da nake nema ba. Na sami Kawu a cikin fadama, ruwa har gwiwa, yana cirar ciyawa tare da wasu 'yan ƙwadago. Ya tsufa, bayansa ya tanƙware. Shinkafar ta yi kyau, kore shar, irin wadda da can yakan kira ni in zo in gani. Na cire takalma na shiga da rigar Sallata.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Yauwa, sannu."

"An rage. Ga shi cikin jarida."

Ya miƙe a hankali, ya dubi takardar bai karɓa ba, hannuwansa duk laka.

"Madalla. Allah shi ba su lada."

"Na nuna mishi, ya ƙi."

"To."

Wannan "to" ɗin ne ya tunzura ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Shekaru ina jiran ya zage ni bai yi ba.

"Kawu, ranar nan gaskiya na hwaɗi. Tambayata anka yi gaban mutane. An ƙara ɗin. Mi zan ce?"

Ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, ɗana. Gaskiya ka hwaɗi. Ni dai ina tsaye ina roƙon Allah ka ce ba ka gane Turancin ba. Sau guda tak."

Hawaye suka zubo mini, ni da ɗana yake aji uku a lokacin. Kawu ya sunkuya zai ci gaba da cira, sai ya dubi ƙafafuna.

"Matsa baya kaɗan," in ji shi. "Kana taka wa Alhaji shinkahwa, kuma ni za a tambaya."

Na matsa.